Neman kalmar Hausa: me za mu kira enzayim na bakteriyar ƙasa?

Mai shiri, Mabera: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan gabatar da shirin rediyo a kan bakteriyar da ke zaune cikin ƙasa, musamman dangin Streptomyces, waɗanda daga cikinsu aka samo streptomycin, maganin tarin fuka, a 1943. Kalmar enzayim ce ta tsaya mini, wato furotin ɗin da ke harhaɗa maganin a cikin ƙwayar. Don Allah a taimaka.

Malamar kimiyya, Arkilla: Wa alaikumus salam. A aji ina cewa "sinadari mai hanzarta aiki", domin yana gaggauta haɗuwar abubuwa ba tare da shi kansa ya ƙare ba.

Dattijo, Kanwuri: Malama, wannan jimla ce, ba suna ba. Ni "maƙeri" nake kiransa, kuma ina da hujja. A ƙwayar wata bakteriyar ƙasa mai suna Saccharopolyspora erythraea, manyan furotin 3 masu sassa 6 a jimlace ne ke gina ƙashin bayan maganin erythromycin: kowane sashe yana karɓar sarƙar maganin da ake ginawa, ya ƙara mata tsawo da ƙwayoyin zarra 2 na kabon, ya gyara ta yadda aka tsara masa, sannan ya miƙa wa na gaba. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wannan aiki.

Malamar kimiyya: Allah ya gafarta Malam, bayanin daidai ne, amma ba kowane enzayim ke gini ba. Wanda ke cikin yawu narkar da sitaci yake yi. Idan yara suka haddace "maƙeri", darasin narkewar abinci zai rikice musu.

Ɗalibi, Gawon Nama: Me zai hana a bar enzayim? Larabawa ma "inzim" suke cewa.

Dattijo: Ɗana, Sakkwato, garin da Nana Asma'u ta yi wa mata waƙoƙin karantarwa da Hausa da Fulatanci bai kamata ya zama na farko wajen miƙa wuya ba. Mun bar wa Kano daidaitacciyar Hausa, yanzu kuma mu bar wa Turawa kalmomin ilimi?

Ɗalibi: Baba, ai sinadari da bakteriya ma aro ne, kuma ba su rage wa Hausa daraja ba.

Mai shiri: A yi mini afuwa, lokaci yana ƙurewa. Zan ce enzayim, in bi shi da bayanin Malama sau ɗaya a farkon shirin. Masu harhaɗa magani kuwa zan kira su "enzayim maƙera", in kawo misalin sassa 6 ɗin.

Malamar kimiyya: Na fi son "magina", amma zai wadatar a rediyo.

Dattijo: Rabin kalmata aka ɗauka, kuma ban gamsu ba. Ka dai tabbatar ka faɗi cewa kowane sashe mataki ɗaya na ginin sarƙar yake yi, domin a nan ne tsarin yake bayyana aikin.