Kuloci yana "silif": me za mu kira wannan da Hausa?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon direbobi da makanikai da malaman Hausa a kan kalma guda. Ba "kuloci" nake nufi ba. Wannan ta riga ta zauna daram kamar yadda birki da giya da sitiyari da totur suka zauna, babu mai tashin su. Abin da nake nema shi ne sunan ciwon da Bature yake kira "slipping", wanda yaran gareji suke cewa "kuloci yana silif".

Ga abin da ya kawo maganar. Fijo 504 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tana hannuna. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a can a 1975. Watan jiya ina hawa gadar Ƙofar Nassarawa da mutum huɗu da buhun shinkafa biyu a but, na taka totur a giya ta huɗu. Inji ya ɗauki kururuwa, amma mota ba ta ƙara gudu ba. Sai wani ƙauri ya cika mu. Na kai ta wani gareji na ce "kuloci ba ya aiki". Aka canza robobin silindar da ke tura mai daga feda, aka zuba sabon man birki, na biya, na fito. Washegari a kan gadar nan abin ya dawo yadda yake.

Ban ɗora wa mai garejin laifi shi kaɗai ba. Maganar da na kai masa tana ɗauke da cuta biyu masu kishiyantar juna, ya ɗauki ɗaya ya yi mata magani. Kuloci aikinsa biyu ne: ya kama, ya saki. Idan ka taka feda dole ya raba inji da giyabos don giya ta shiga. Idan ka ɗaga ƙafa dole ya haɗe su gam, ƙarfin inji ya isa taya. Wanda ba ya saki, giya ce za ta ƙi shiga, ka ji tana gurnani. Wanda ba ya kamawa, giya tana shiga lafiya lau, ƙarfin ne yake tsiyayewa a hanya. Ni na biyun nake da shi, aka yi min maganin na farkon. Shi ya sa na ce lallai sai mun sami kalma.

Ƙari bayan azahar. Na gode, amsoshi sun shigo da yawa. Bari in bi waɗanda suka fi nauyi.

Mutane da dama sun ce "santsi". Na juya ta sosai, ban gamsu ba. Santsi halin wuri ne: ƙasa tana da santsi, bakin rijiya yana da santsi. Akwai lokacin da ta dace, wato idan sil (robar da ke hana mai fita) na bayan inji ko na gaban giyabos ya fara yoyo, mai ya jiƙa faifan kuloci, wanda ake matsewa don ya haɗe inji da giyabos. Nan kam santsi ne na gaske. Amma mafi yawan lokaci faifan a bushe yake ƙamas, cinyewa kawai ya yi. Idan muka ce santsi, mun ba da sunan sanadi guda ga cutar gaba ɗaya.

Wata Hajiya mai koyar da tuƙi ta ce ita "ya ƙone" take ji a bakin kowa. Gaskiya ne, Hajiya, haka ake faɗa daga Sabon Gari har Kabuga. Sai dai ƙonewa ƙarshen labari ne. Kuloci yana iya yin watanni yana wannan halin kafin ƙauri ya fito, kuma a watannin nan ne gyara yake da sauƙi. Wanda ya jira "ƙonewa" zai iya tarar da zafi ya ɓata fuskar fulawil (zagayayyen ƙarfe mai nauyi a bayan inji, wanda ake matse faifan a jikinsa), kuɗin aiki ya ƙaru. Haka "ya cinye" da "ya suɗe": suna faɗin abin da makanike zai gani bayan ya sauke giyabos. Ni kuwa ina neman abin da direba zai faɗa tun yana kan kujera.

"Zamiya" ta ja hankalina, amma wani direban tirela ya yi gyara mai kyau: in ka ce mota tana zamiya, kowa taya zai duba, ko ya tuna kwalta bayan ruwan farko. Na karɓi gyaran.

Ƙari da dare. Da la'asar na koma Ƙofar Ruwa wurin dattijon da ya yi min aikin na biyu, wanda ya warkar da motar. Ya haura shekara sittin, tun yana yaro yake ƙarƙashin Fijo. Na ce, "Baba, kafin ku koyi cewa silif, me iyayen gidanku suke cewa?" Ya ce, "Ɗana, cewa muke yi yana zamewa. Ka taɓa riƙe igiyar guga da hannu mai gumi? Kana riƙe, tana tafiya. To shi ke nan."

Wannan misalin ya gama min magana. Zamewa ba saki ba ce, ba kuma riƙo ba ce. Riƙo ne wanda bai isa ba. Kuma kalmar ba ta rantse a kan sanadi ba. Ko lainin da ke manne a fuskar faifan ne ya cinye har ƙusoshinsa suka fito, ko sifirin ɗin da ke danna shi ya yi sanyi, ko mai ya jiƙa shi, ko a mota mai kebul an ɗaure kebul ɗin ba a bar wa feda ɗan wasa ba, duk zamewa ce. Saboda haka ga abin da na tsaya a kai: "zamewar kuloci" ga wanda ba ya kamawa, "rashin saki" ga kishiyarsa. A riƙa haɗa ta da "kuloci" kullum, kada a ce "mota tana zamewa", don kada mu koma kan matsalar taya.

Baba ya gwada min yadda ake tabbatarwa ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. A fili, inda babu kowa a gaba, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku ko ta huɗu, ka ɗan ba ta wuta, ka ɗaga ƙafa a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. Idan ƙafarka ta bar feda inji yana ci gaba da aiki, yana zamewa. Ya ce kada a maimaita gwajin sau da yawa, shi kansa yana cin faifan.

Tunda na ce "faifai" sau da yawa, bari in kare ta. Makanikai suna cewa "filet" ko "dis". Ni ina ganin "faifan kuloci" ta fi. Faifai ya tashi daga kan ƙwarya ya koma kan garmaho, daga nan ya koma na bidiyo, bai taɓa ba kowa wahala ba. Abu ne zagayayye, mai faɗi, marar kauri. Na nuna wa mahaifiyata tsohon da aka cire, ban ce komai ba, ta ce, "Wannan faifan ƙarfen fa?" Shi kuwa wanda yake matse shi a jikin fulawil, wasu sun ce "murfi", wasu "madanni". Na fi son "madanni", don murfi rufewa kawai yake yi, wannan kuwa dannawarsa ce aikin. Na ukunsu, wanda feda ke turawa don kuloci ya saki, ba ya buƙatar sabon suna: boris ne, sai a ce "boris na saki".

Amfanin sunayen nan uku ya fito a wurin sayayya. Baba ya ƙi ya sa faifai shi kaɗai. Ya ce wahalar aikin duka a sauke giyabos take, ba zai yiwu a sauke yau a mayar, bayan wata uku boris ya fara kuka a sake saukewa ba. Uku muka saya tare. Na tsaya ina kallo ya duba fuskar fulawil da yatsa, ya duba sil ko akwai yoyo, ya hana yaronsa taɓa lainin da hannu mai giris. Ya zura tsohon shaf na giyabos ya daidaita faifan a tsakiya kafin ya ɗaure, sannan ya bi notocin kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai wancan. Ya kuma hana a busa ƙurar da iska, don tsofaffin lainin wasunsu da asbestos aka yi su, yana illa ga huhu. Da zan tafi ya ce, "Ka daina ɗora ƙafa a kan feda in kana tafiya, ka kuma daina riƙe mota da kuloci a kan gada in an yi cunkoso. Birkin hannu aka yi wa wannan aikin."

Saura fulawil. An kawo "dutsen niƙa", saboda nauyinsa da yadda faifai yake gogar fuskarsa, amma dutsen niƙa na gida ba ya juyawa, kuma a nan gogayyar ita ce cutar. An kawo "babban faranti", sai dai bai faɗi aikinsa ba, wato ajiye ƙarfin juyi don inji ya tafi sumul tsakanin bugu da bugu. Masu injin niƙa da injin ban ruwa suna ganin irinsa a fili kullum yana juyawa a gefen inji. Don Allah wanda yake kusa da su, a Dawanau ko Kura ko Kadawa, ya tambayar mana me suke kiransa.