Hotunan hunturu suna fito min fari fat, ko in tsallake in jira bazara?

Dan_Kufena:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen wadanda suka san harkar hoto. Tun watan Yuni na dora wa kaina wani aiki, akwai gonar kakanmu a bayan garin Zariya ta inda ake hango dutsen Kufena, to duk Asabar din farkon wata nake zuwa in tsaya waje daya in dauki gonar da bishiyoyin cikinta, burina in hada shekara guda cif in ga yadda wuri daya yake canza kama. Na damina sun yi kyau wlh musamman na Agusta da hadari ya hado baki kirin daga gabas ga dawa kore shar a kasa, na kaka ma ba laifi lokacin da aka yi girbi aka jera dammuna. Amma tunda hazo ya sauka komai ya dagule, hoto sai ya fito fari fat kamar an barbada masa toka, dutsen ma baya fitowa sam. Tecno ce wayar. Laifin wayar ne ko akwai abinda ban iya ba? Abin yana damuna gsky don bana son a samu gibi a tsakiya.

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka kuskura ka tsallake. Tun zamanin da ake sa fim a cikin kyamara nake wannan sana'a kuma ina gaya maka wayarka lafiyarta ƙalau, abin da idonka ya gani shi ta ɗauko. Ƙurar nan daga can arewacin Chadi iska ke kwaso mafi yawanta, wani kwari da ake kira Bodele, kuma ko kyamarar miliyan nawa ka riƙe ba za ta huda ta ta fito maka da Kufena ba. In dutsen ya ɓace a Janairu to hoton Janairu kenan, ai abin da ka fita nema kenan, yadda wuri ke canzawa.

Abin da za ka gyara lokaci ne. Ina zargin da hantsi ko da azahar kake zuwa, lokacin haske ya baje ko'ina babu inuwa. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, ka isa kafin ƙarfe 7. Rana za ta fito fara sol kamar faranti a cikin hazon, ka taɓa sararin sama a fuskar wayar sannan ka rage hasken kaɗan, za ka ga launi ya dawo. Sannan ka nemi abu mai duhu kusa da kai ya zama a gaba, kuka da ta zubar da ganye, ko tarin kara, ko shanun Fulani in sun shigo kiwon gonar, sai na nesa su riƙa dusashewa a baya ɗaya bayan ɗaya. Damina ba ta ba da irin wannan.

Kuma ka daina goge idon kyamarar da bakin riga, ƙurar hunturu tana kankare gilashi. Hura tukuna, sai ka sa ƙyalle mai taushi.

Bamaradiya227:
Sannunku da hira. Ni daga Maradi nike, kuma tambaya ta gareka dan uwa, akwai gawo cikin gonar? In akwai to ka samu abin dauka. Duk itace da damana yake ganye amma shi gawo lokacin yake kakkabe nashi ya tsaya tsirara, sai rani ya shigo kowa ya bushe shi kuma ya yi kore. Shi ya sa manoma nan wajenmu da Damagaram ba su sare shi, baya tare wa hatsi rana da damana, ganyen da ya zuba taki ne, diyansa kuma bisashe ke ci. Nayi shekara biyu ina daukar wani guda daya da wata kuka kusa da shi, in ka jera hoton Agusta da na Fabrairu sai kaga kamar sun yi musayar riga. Duk wanda na nuna ma sai ya tsaya yana kallo.

Yar_Nguru:
Masha Allah wannan aiki ya burgeni. Abinda zan kara kan maganar Baba, ka sa dutse ko ka kafa turke a inda kake tsayawa sbd in ciyawa ta bushe wurin zai rikide maka, kuma ka kunna layukan nan da ke raba fuskar kyamara gida tara ka rika dora bishiya daya a layi daya kullum, in ba haka ba ranar da zaka hada su baza su zauna kan juna ba. Kar ka cika edita a manhajar gyaran hoto ta Snapseed kana neman mayar da sama shudi, karya ce kuma ana ganewa.

Mu nan hunturu ne ma lokacinmu, daga Disamba zuwa Fabrairu tsuntsaye ke sauka fadamun Hadejia da Nguru wasu tun daga Turai, in ka shiga kwalekwale da sassafe hazo na kwance kan ruwa masunta na jefa birgi, wlh har hawaye na taba yi. Kai ma ka sa ido a bazara, dorawa zata fitar da jajayen furanninta masu reto, sannan ka kama ranar da shamuwa ta fara sauka don ita ce mai albishir din damina.

Sai kuma rokona, in mata ne a rijiya ko yan tallar nono suka gifta ka nemi izini kafin ka dauka, in sunce a'a ka sauke wayar. Kuma ka tura hotunan Google Photos ko kwamfuta, tawa wayar ta fada ruwa da hotunan wata bakwai a ciki har yau abin na min ciwo.

Dan_Kufena:
Allah ya saka da alheri, Baba na gode kwarai, gaskiyarka ne wajen 11 nake isa. Yaya Bamaradiya yanzun nan na koma na duba, ashe akwai gawo ta gefen hagu kusa da iyakar gonar makwabcinmu, a hoton Agusta ba ganye ko daya ni na dauka ma ya mutu ne, a na Disamba kuwa gashi nan kore. Wata bakwai ina daukarsa ban lura ba. Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu zan kwana kauyen in fita da asuba, turken ma zan tafi dashi. Baba in na dauko zan dora nan ka duba min ko hasken ya yi.