Taƙaitawar Shawarwari Kan Gyaran Majami'ar Sen-Deni

Wannan taƙaitawa ce ta wata tattaunawa da ta karkata kan gyaran majami'ar tsohon gidan ruhubanawa na Sen-Deni da ke arewacin Paris, wadda shugaban gidan, Suger, ya sake gina ɓangarenta na gabas aka keɓe shi a shekarar 1144. A nan aka ɗora nauyin rufi kan bakuna masu tsini da siraran ginshiƙai, har bango ya samu sararin manyan tagogin gilashi masu launi, shi ya sa ake kallonta a matsayin mafarin salon ginin Turai da ake kira Gotik.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce kada a taɓa dutse ko ɗaya sai an san ƙarfin abin da ke ƙarƙashinsa, kuma hasumiyar arewa aka kafa hujja da ita. Tsawa ta faɗa mata a 1837, masanin zanen gine-gine François Debret ya sake gina ƙololuwarta, amma daga baya ta tsattsage, har dole ta sa aka sauke ta a 1846 zuwa 1847. A ganina, abin da ya fi ƙima a wannan labari mai ban takaici shi ne zane-zane da awon da aka adana, domin da su ake dogaro wajen sake gina ta yanzu.

An kuma ja kunne kan siminti, saboda yana tsare danshi ya ci tsohon dutse. Kwaɓin farar ƙasa aka fifita. Wasu sun nace cewa kowane sabon dutse a rubuta wurinsa da ranar da aka ɗora shi.