Abin da na tsinta kan sitiyari da birkin tsohuwar Hilux

Jama'a nagode da shawarwarin da kuka bayar kan matsalar sitiyari da birkin tsohuwar Hilux, ga abin da aka fi haɗuwa a kai. In sitiyari yayi tauri yana kuka, kar a yi saurin sayen famfon man sitiyari, a fara duba mai da bel, in man na kumfa to iska ce ta shiga, a ɗaga gaban motar da jak a juya sitiyarin ƙarshe zuwa ƙarshe har ta fita. Birki kuma in yana nutsewa a hankali ana zargin masta, wato famfon da ke tura man birki, in yayi tauri kamar dutse a duba tiyon iska da ke zuwa busta, mai sauƙaƙa taka birki. Wanda yafi tsorata ni, wallahi kar a kuskura a zuba man sitiyari cikin na birki, robobin ciki kumbura suke. Man birki na DOT 3 kawai ko abin da aka rubuta a murfin tankin man birkin.