Goyon ƙirji ko renon kangaru? Mu tsayar da suna guda

Assalamu alaikum. Malaman harshe da ma'aikatan jinya, yau wurinku na zo. Akwai dabarar kula da bakwaini da likitoci ke kira Kangaroo Mother Care, a taƙaice KMC, kuma a Hausa kowa da yadda yake faɗarta. Wani ya ce renon kangaru, wani ya ce fata-da-fata, wani ya bar ta da Turancinta ya yi gaba. Ni zaɓina goyon ƙirji. Ga dalilaina, wanda ya ga gyara ya gyara.

Mu fara da abin kansa. Jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, ko wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, sanyi na cikin manyan abokan gabarsa. Ba shi da kitsen kirki a ƙarƙashin fata, fatar ma ba kauri, zafin jikinsa na zurarewa nan da nan. In jikin ya huce, sukarin jini ya sauka, numfashi ya rikice, cuta ta sami ƙofa.

To sai a tuɓe shi, a bar masa kunzugu da hula da safa kawai. Uwa ta buɗe gaban rigarta, a ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanta, ƙirjinsa manne da nata, babu ko ƙyalle a tsakani. A juya kansa gefe guda, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta zauna a buɗe, hannuwa da ƙafafu a tanƙware kamar na kwaɗo. A ɗaure da zani, bakinsa na sama ya tsaya daidai ƙasan kunnen yaron, ɗaurin ya kama ƙirji amma a bar ciki ya sake, don da cikin yake jan numfashi. Ta mai da riga ta rufe su duka biyun. Barci ma a kishingiɗe za ta yi shi. Abincinsa nonon uwa zalla, in bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi a ƙaramin kofi, ko ta siririyar robar da ake zurawa har ciki.

A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro ta, a 1978, hannun wani likitan yara, Edgar Rey Sanabria. Asibitinsu ya cika maƙil, kwalaben saka jarirai ba sa isa, har ana haɗa yara a kwalba guda, cuta na bin su. Shi ne ya mai da su jikin iyayensu. Sunan kangaru daga can ya samo asali, saboda dabbar nan ta Ostireliya da ke haihuwar ɗanta ƙanƙani ya ƙarasa girma a aljihun cikinta.

Shekaru da dama ƙa'idar ita ce a fara sa yaro a kwalba, sai ya daidaita sannan a miƙa wa uwa. Matsalar, da yawansu ba sa kaiwa lokacin. Binciken da ya sauya wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta jagorance shi, mujallar New England Journal of Medicine ta buga a watan Mayun 2021. An yi shi a manyan asibitoci biyar, a Ghana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, kan jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka ɗora su a ƙirji tun daga haihuwa, suna samun kusan awa 17 a rana. Ɗaya kashin aka bi tsohuwar ƙa'ida, a ɗakin kulawa ta musamman abin da suke samu bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Cikin kwana 28, kashi 12 cikin 100 na rukunin farko suka rasu, na biyun kuwa kashi 15.7. Ragin kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa.

A faɗi gaskiya duka: a kwana uku na farko bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba, kuma wani gwajin da aka yi a Yuganda, wanda mujallar Lancet ta buga a 2024, bai ga raguwar mace-mace a makon farko ba, duk da ya nuna dabarar na da sauƙin kashe kuɗi. Amma tun Nuwamban 2022 Hukumar ta sauya shawararta: a fara nan take bayan haihuwa, awa 8 zuwa 24 a rana, in ban da yaron da ya kasa numfashi da kansa, ko jininsa ya kasa zagayawa yadda ya kamata, ko yake buƙatar injin numfashi. Ku tuna a 2020 kaɗai an ƙiyasta bakwaini miliyan 13.4 aka haifa a duniya.

Abin da ya sa na matsa kan suna, wannan magani ne da ba likita ke yin sa ba. Uwa ce ke yi, awa bayan awa, ga gajiyar haihuwa, wata ma ga ɗinki. Sunan da za a faɗa mata dole ya gaya mata abin da za ta yi tun kafin a fara bayani.

Renon kangaru ya faɗi wannan jarrabawa. Sai ka fara bayanin dabbar, da ƙasarsu, da aljihunta, kafin ka iso kan yaron da ke sanyi a gabanka. Kuma ba kowace mace za ta so a ce ta kwaikwayi dabba ba. Wanda ya ce a ara wa kangaru sunan babba-da-jaka don a ji Hausa, to wannan tsuntsu ne mai cin mushe, Allah ya raba jinjiri da shi.

Fata-da-fata fassara ce kai tsaye, kuma kunne na jin hakan. Mu jiki da jiki muke cewa. Ko shi ɗin ma sharaɗi ɗaya ya faɗa, bai nuna wane sashen jiki ba, bai taɓo shayarwa ba.

Ɗumin uwa yana da daɗin ji, na daɗe ina juya shi. Aibinsa biyu. Ya taƙaita abin ga zafi, alhali binciken 2021 ɗin ya ga raguwar alamun cutar da ke shiga jini, ga nono da ke saurin zuwa in yaro na jiki. Sannan ya ɗora wa uwa ita kaɗai. A gwajin nan, in uwa ba ta da hali, misali an yi mata aiki, 'yar uwarta ce ke karɓa. Uba ma ƙirjinsa na yi. Sunan da zai sa namiji ya ce ba da shi ake ba, asara ne.

Renon ƙirji ya matso kusa. Sai dai reno ya yi faɗi, kuma sau da yawa in an ce reno hankali na tafiya ga wadda ake bar wa yaro in uwa ta fita.

Yanzu goyo. Na san abin da za a ce: ai goyo a baya ake yi. Haka ne, amma kalmar ta fi baya faɗi. Muna cewa mace na goyon ciki. Muna cewa mai goyo, muna nufin mai shayarwa, ko da yaron na kwance a gado. Muna cewa tana da goyo, goyon nan shi ne jaririn kansa. Ke nan kalma guda ta riga ta ɗauko ɗaurin zani, da shayarwa, da rashin rabuwa, waɗanda su ne ginshiƙan dabarar. Abin da ya rage a faɗi wurin, ƙirji ya faɗa. Har ma'anar likitanci ta zauna daidai: yaron da bai ƙarasa goyon ciki ba, ya ƙarasa a goyon ƙirji.

Ku gwada shi a baki, yadda ungozoma za ta faɗa. "Hajiya, ki goya shi a ƙirji." "Awa nawa kika goya shi jiya?" "Malam, karɓi goyon ta samu ta yi wanka." Allon ƙofa ya ce Ɗakin Goyon Ƙirji. Ku sa kangaru a waɗannan jimloli ku ji yadda suke tuntuɓe.

Yana da rauni, ba zan ɓoye ba. Wata za ta ji goyon ƙirji ta rataya yaro a gaba bisa riga, shi ma cikin kaya uku. Wannan bai yi ba, zafin jikinta ba zai isa gare shi yadda ake so ba. Don haka a rubuce ko a rediyo, ambaton farko ya zo a cike: goyon ƙirji, jiki da jiki. Daga nan a taƙaita. Kuma kada sauƙin sunan ya sa a ɗauka abu ne da za a yi a gida a ƙi zuwa asibiti. Jariran gwajin nan suna ƙirji ne ana ba su iskar oksijin da ruwa da allurai. Asibitocin sai da suka shigar da gadon uwa cikin ɗakin kulawa ta musamman kafin abin ya yiwu, kuma wannan gyaran gini da tsarin aiki ne, suna ba zai yi shi ba.

Kalmar bakwaini ma a lura da ita. Daga bakwai ta fito, amma ɗan wata takwas na ciki, haka wanda watanninsa suka cika ya zo ba nauyi shi ma goyon ƙirji ya shafe shi. A sanarwa gara a ce bakwaini da ƙananan jarirai.

Saura guda da ban yanke ba, wato yadda za a bambanta sabuwar ƙa'idar da tsohuwar. Goyon ƙirji na nan take ya fi dacewa da takarda. Goyon ƙirji tun faɗowa ya fi kama da maganar ɗakin haihuwa, ni can na karkata. Ungozomomi da masu jinyar jarirai, ku ne za ku riƙa faɗa da tsakar dare, wanne ya fi zama a bakinku?