Salansa mai ƙara ko ta kamfani?

Ɗan Fagge: Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mashin Boxer 100 ne da ni, na ga wata salansa mai sheƙi a kasuwa, gajeriya, ƙararta kamar fawa bayik, mai shagon ya ce tana ƙara gudu. Gaskiya ne ko cika baki?

Oga Bakanike: Ƙanena ƙara kawai za ka saya. Injin cc 100 ne fa, in ka sa buɗaɗɗiyar salansa ba ka gyara kafireta ba mai yakan yi kaɗan iska tai yawa, inji ya riƙa zafi, kana sakin totur ka ji tas-tas, ka kwance fulogi bayan sati ka ga bakinsa ya yi fari fat, kuma ƙarfin tashi da kaya raguwa yake.

Mai Haojue: Wlh ni na sa, damina ɗaya ta yi tsatsa, ga shi ba murfin kare zafi, ta ƙona ƙafar ƙanwata har yau Hajiya ba ta daina min faɗa ba.

Ɗan Fagge: Tab. Oga to in fenti kawai zan yi wa tawa fa?

Oga Bakanike: Mai jure zafi za ka nema, na gama-gari ɓarewa yake.