Abin da aka tattauna a Agege kan nuna ƙaunar Allah a aikace

Bayan sujadar Lahadi a wata majami'ar masu jin Hausa da ke unguwar Agege a Legas, an zauna hira kan yadda Kirista zai nuna ƙaunar Allah a garin da kowa ke sauri.

Maganar baƙi ce ta fi cin lokaci. Wani dattijo ya kawo Yaƙub 2:15-16, inda aka ce sallamar mai yunwa da fatar baki ba ta da amfani. Shawararsa ita ce idan yaro ya sauko daga motar Jos ko Yola, kayansa a leda, a fara ba shi ruwan wanka, tuwo da tabarma, wa'azi ya biyo baya. Sannan a samu mai tsaya masa wurin neman aiki, domin tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a Yunin 2022, hanyar da sababbin zuwa suka saba bi ta ƙuntata.

Wata uwa daga zumuntar mata, mai sayar da kayan miya a kasuwar Mile 12, ta ce: "'Ya'yana, kada ku ɓoye ruɓaɓɓen tumatir a gindin kwando, ku jera masu kyau a sama." An yi dariya, amma a ganina ita ta fi kowa taɓo inda ke ciwo.

Kan maƙwabta Musulmi da Yarbawa ba a ja magana ba: a gaisa, a je suna, a je ta'aziyya.

Bashi ne ya raba kan jama'a. Wasu sun ce a yafe, wasu sun ce yafewa kullum tana lalata mai ci. Fasto ya ba da shawarar a ranta abin da ba zai karya jari ba, kuma a gaban shaida.